Buzu Na Bakwai

Akwai wata rumfar kwano a bakin tashar Sabon Birni wadda duk saurayin da ya tashi a garin a wajejen shekarar 2010 zai tuna irinta, ko da bai tuna ita kanta ba. Rumfar mai cajin waya ce. Ɗan janareto yana ƙugi a bayanta tun hantsi har bayan lisha, wayoyi jere a kan katako kowace da lambarta, a gefe guda kuma ga wata tsohuwar kwamfuta da ake lulluɓewa da tsumma saboda ƙura. A nan muke yini mu biyar ko shida, samarin da suka gama sakandare suka rasa abin yi, muna karanta littattafan soyayya na Kano da muke karɓowa haya, muna kuma yi wa juna alkawarin wata rana mu ma sai an karanta namu. Wasunmu sun cika alkawarin, shi ya sa ma muka sami bakin magana a wannan mujalla.

Mai rumfar yana da wata sana'ar bayan caji. In ka miƙa masa katin memori da 'yan canji, sai ya cika maka shi da waƙoƙin finafinan Hausa da na Indiya, da wa'azi, da Shata da Ɗanƙwairo da Ɗan Anace. A cikin kwamfutar tasa akwai wani ɓangare da ya raɗa wa suna "Buzu", waƙoƙin da ke ciki kuwa babu mai suna, sai dai lamba. Daga wayoyin direbobi da fatake masu zuwa daga Maraɗi da Madawa da Ƙonni yake samunsu, domin duk baƙon da ya kawo caji sai ya roƙe shi ya bar shi ya kwashi abin da ke cikin katinsa. To, ta bakwai a jerin ita ce ta kama mu.

Da farko dariya ta ba mu. Kiɗan gangar da ke ƙarƙashinta na na'ura ne, sak irin wanda ake sa wa waƙoƙin finafinai, muryar mawaƙin kuma an bi da ita ta cikin na'urar nan mai lanƙwasa murya, wadda a lokacin babu situdiyon da ba ya amfani da ita daga Kano har Sakkwato. Wannan duka mun san shi. Abin da ba mu sani ba shi ne harshen da ake waƙar da shi, da kuma wata jita da ke tafe a hankali tana maimaita kanta kamar takun raƙumi. Kafin sati ya zagayo mun daina dariya. Muka tura wa juna ita ta bulutut, wani ya mayar da ita ƙarar kiran wayarsa, wani kuma ya riƙa kunna ta da dare yana tunanin yarinyar da aka aurar da ita Isa ba da shi ba. Buzu na bakwai muke ce mata, kuma ba mu taɓa jin cewa tana bukatar wani suna ba.

Rannan dai muka ɗauki wayar muka nufi wurin wani dattijon Ba'abzine da ke gadin wani shago a kasuwa, wanda kullum za ka same shi da ɗan murhun waya da butar shayi. Muka gaishe shi, muka ce, "Baba, ga wata waƙa ta mutanenku, muna son ka faɗa mana abin da take cewa." Ya kara wayar a kunne, ya saurara har ta ƙare, ya ce a sake. Da ta ƙare karo na biyu sai ya ce waƙar bege ce, ta mutumin da ya rabu da wadda yake so. Sannan ya dube mu ya ce, "Yara, wa ya yi ta?" Muka ce ai mu wurinsa muka zo tambaya. Ya girgiza kai ya ce muryar ta yaro ce, shi na da ya sani.

A wannan zama ne muka fara jin cewa kiɗan jitar nan yana da tarihi. Ya ba mu labarin Tinariwen, samarin Mali da suka haɗu a gudun hijira a Aljeriya da Libiya, da kuma Abdallah Oumbadougou na Nijar, wanda kasakasansa suka yi ta yawo daga hannu zuwa hannu a zamanin tawayen Abzinawa na 1990 zuwa 1995. Ya ce a waɗannan shekaru in soja ya kama ka da irin wannan kaset ka shiga uku, saboda haka ba a rubuta komai a jikinsa, ko kuma a rubuta sunan wani abu dabam. Wato su rashin sunan da dalili suka yi shi, don tsira da rai. Mu kuwa namu rashin sunan ba shi da wani dalili sai halin ko-in-kula. Ya kuma tuna mana, yana murmushi, cewa Gobirawa ma daga Azbin suka gangaro, saboda haka kada mu riƙa yi masa kallon baƙo. Kunya ta kama mu, domin shekara da shekaru muna wuce shi, iyakarmu da shi "Buzu, ina kwana."

Sai da aka yi shekara tara muna tare da wannan waƙa kafin mu san mai ita. A 2019 ɗaya daga cikinmu da ke karatu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya turo mana wani bidiyo: wani dogon mutum da rawani da babbar riga, ya rungumi jitar lantarki yana kaɗa ta da hagu a gaban Turawa, bayansa ga masu taya shi su uku. A ƙarƙashin bidiyon ya rubuta mana, "Ga Buzu na bakwai." Sunansa na yanka Mahamadou Souleymane, ana kiransa Mdou Moctar, mutumin yankin Abalak da Cintabaraden ne a jihar Tawa. Jitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta da guntun katako da wayar birkin keke, domin gidansu gidan malamai ne, ba su yarda da kiɗa ba. Waƙar tamu kuwa sunanta Anar, kuma ita ce ta ba faifansa na farko suna.

Abin da ya fi ɗaure mana kai shi ne inda aka ɗauki faifan. A Sakkwato aka ɗauke shi, cikin 2008. Ashe yaron ya tsallako iyaka ne ya zo babban birnin jiharmu, ya shiga situdiyon masu waƙoƙin finafinan Hausa, suka yi masa aiki da kayan da suka saba da su, shi ya sa kunnenmu ya gane kiɗan tun ranar farko. Ba a buga faifan an kai kasuwa ba a lokacin. Waƙoƙin suka fita da kansu, suka bi wayoyi suka haura Tawa da Agadas, suka shiga Mali, sannan ɗaya daga cikinsu ta juyo ta hanyar Madawa ta faɗo rumfarmu, bayan sunan mai ita ya zube a hanya. Tafiyar 'yan sa'o'i ce a mota daga rumfar zuwa inda aka yi ta, amma babu wanda ya sani a cikinmu.

Wanda ya bi sawu ya gano mai waƙar wani Ba'amurke ne daga birnin Portland, Christopher Kirkley, mai kamfanin faifai na Sahel Sounds. Shi ma a cikin wayoyin mutane ya tsinci waƙoƙin, a arewacin Mali, kamar dai yadda mai rumfarmu yake tsintarsu. Bambancinsu shi ne da zai buga su a faifai sai ya tsaya neman masu su ɗaya bayan ɗaya don ya sa sunansu ya kuma ba su rabonsu. A 2011 ya fitar da tarin da ya kira Music from Saharan Cellphones, wato waƙoƙin da aka samo daga wayoyin Sahara, a ciki har da wata waƙar Mdou mai suna Tahoultine. Daga nan hanya ta buɗe. A 2013 aka fitar da Afelan, wanda aka ɗauka a Cintabaraden a cikin jama'a, a 2014 kuma aka buga Anar ɗin nan na Sakkwato a faifai sosai, da bango da suna da shekara, shekara shida bayan an yi shi.

Muka shiga bin sauran ɗaya bayan ɗaya kamar masu biyan bashi. A 2015 ya fito a wani fim da aka shirya a Agadas cikin harshensu na Tamashek, wanda aka gina a kan fim ɗin Purple Rain na mawaƙin Amurka Prince. Sunan fim ɗin Akounak Tedalat Taha Tazoughai, ma'anarsa ruwan sama mai launin shuɗi da ɗan ja a ciki, domin harshen nasu ba shi da kalma guda ta launin da mu muke cewa shunayya. A 2017 ya yi Sousoume Tamachek, faifai mai sanyi wanda shi kaɗai ya kaɗa komai a cikinsa. Sai a 2019 ne aka ji su a matsayin cikakkiyar ƙungiya ta kiɗan rok, a faifan Ilana da aka ɗauka a Detroit: Mdou a jitar gaba, Ahmoudou Madassane a jitar rakiya, da wani Ba'amurke, Mikey Coltun, a jita mai kaurin murya, Souleymane Ibrahim kuma shi ne ya zama makaɗin gangunansu a faifan da suka biyo baya. Tun daga nan sunan Mdou Moctar ya zama na mutum ɗaya kuma na ƙungiya.

Ba za mu ɓoye muku ba, Ilana ya raba kanmu. Wasunmu suka ce an lalata yaron, jitar ta koma ihu, ba a jin abin da ake faɗa. Wani yayanmu da ya ji muna kunna shi cewa ya yi kamar injin niƙa ne ya haɗiye ƙarfe. Wasu kuma suka ce wannan ihun shi ne kiɗan bikin Agadas na ainihi, inda ake ƙure lasifika a fili ƙura na tashi, kuma kwatanta shi da Turawa ke yi da Jimi Hendrix ragwancin kunne ne kawai. Har yau ba mu sasanta ba. Amma duk mun yarda da abu guda: a karon farko muna musu a kan waƙa muna kiran sunanta, muna cewa ta wace shekara ce, wace ta riga wace, wa ya kaɗa me. Mun iya cewa mutumin nan a nan ya fara, ga inda ya sauya hannu. Da Buzu na bakwai ba mu da wannan dama, sai dai mu ce tana da daɗi.

Wannan ne ya sa muka waiwayi namu. Isa garin Narambaɗa ne. Ibrahim Narambaɗa na Tubali, makaɗin kotso na fadar Sarkin Gobir na Isa Amadu, mai Bakandamiya, wanda malaman jami'a suka yi ta rubutu a kan azancinsa. Babu Bagobirin da ba ya alfahari da shi. To amma a tambaye mu: wace waƙa ya fara yi, wace ce ta ƙarshe? A ina aka ɗauki wadda muke ji a rediyo, kuma a wace shekara? Su wane ne 'yan amshin da muryoyinsu ke tashi a bayansa? Mu da muka tashi a ƙasarsa, muka kuma kira kanmu marubuta, ba mu iya amsa ko ɗaya. A cikin kwamfutar mai rumfa ma haka waƙoƙinsa suke, Narambaɗa na ɗaya, Narambaɗa na biyu, ba su fi na Buzu gata ba.

Alhali kuwa muna da wanda zai amsa mana wasu daga cikin waɗannan tambayoyi. Wani kawun ɗaya daga cikinmu ne, tsoho a wani ƙauye tsakanin Isa da Sabon Birni, wanda ya ga Narambaɗa da idonsa yana yaro. Yana da adakar ƙarfe cike da kasakasai, wasu daga rediyo ya naɗe su da kansa, wasu kuma a kasuwar Shinkafi ya saye su ran Alhamis. In ya kunna ɗaya sai ya tsayar da ita a tsakiya ya ce wannan habaicin da wane ake, wancan zambon ga abin da ya jawo shi, muryar nan mai kauri ta wane ce ɗan gidan wane. Muka je masa sau ɗaya muka ce, "Kawu, za mu dawo da littafi da biro mu rubuta duk abin nan." Ya ce, "Ku taho da wuri, ɗiyana, ni ba yaro ba ne." Muka ce in Allah ya yarda bayan damina.

Bayan daminar ba ta zo ba. Mai karatu ya san abin da ya sami ƙasarmu. A watan Mayun 2020 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan Sabon Birni suka kashe mutane da dama a yini guda, jama'a suka yi ta tsallakawa Gidan Runji da sauran garuruwan jihar Maraɗi. Ƙauyen kawu ya watse a cikin waɗannan watanni. An fito da shi a kan babur da rigar jikinsa, adakar kuwa aka bar ta a ɗaki, da aka koma ba ɗakin ba adakar. Ya rasu a gidan aro a hayin iyaka, kafin shekara ta zagayo. Waƙoƙin Narambaɗa da ke cikin adakar wataƙila akwai irinsu a wasu hannuwa. Abin da ke cikin kan tsohon nan shi ne ba mu san inda za mu sake samunsa ba. Da-na-sani ƙeya ce, in ji Hausawa, kuma mun ji nauyinta.

A watan Mayun 2021 kamfanin Matador na Amurka ya fitar da Afrique Victime, faifan da ya kai sunan ƙungiyar ko'ina a duniya. Waƙar da ta ba shi suna tana magana ne a kan abin da aka yi wa Afirka da wanda ake kan yi mata, tana farawa a natse, tana ƙara sauri har ta koma kamar sukuwar dawaki ran hawan salla. Wata huɗu bayan fitowarsa, a Satumba, gwamnati ta rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, har da Isa da Sabon Birni, don yaƙi da 'yan bindiga. Mai son kiran ɗan'uwansa sai ya matsa bakin iyaka ya laluɓi layin Nijar. Muka koma zamanin katin memori. Wanda ya fita Sakkwato shi ke shigo mana da labari da waƙa a aljihu, kuma a haka wasunmu suka fara jin faifan da mutanen Landan suka riga su ji da watanni. A Disamba aka ƙone matafiya a cikin mota kusa da Gidan Bawa. A wannan shekarar ce mai rumfa ya rufe rumfarsa ya tafi, ya sayar da janareton, kwamfutar kuma ta mutu da duk abin da ke cikinta.

Su ma makaɗan ba su tsira daga rikicin yankin ba. Ran 26 ga Yulin 2023 sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a Yamai, a daidai lokacin da ƙungiyar ke zagayen wasanni a Amurka. Aka rufe iyakoki, 'yan Nijar ɗin uku suka kasa komawa gida. Mu ma a namu ɓangaren rufe iyakar ya raba mu da kasuwa da dangi har zuwa Maris na 2024. A cikin wannan zaman jira ne suka shiga situdiyo a birnin New York suka sake kaɗa waƙoƙin sabon faifansu da jita mara lantarki. Faifan na asali, Funeral for Justice, wato jana'izar adalci, ya fito a Mayun 2024, na zaman jiran kuma, Tears of Injustice, ya biyo baya a Fabrairun 2025. Wata uku bayan fitowar na farkon, Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi, aka yi masa salla babu gawa. Ba mu bukaci wanda zai fassara mana sunan faifan ba.

A cikin Funeral for Justice akwai wata waƙa, Imouhar, wadda a cikinta Mdou yake roƙon mutanensa da kada su saki harshensu. Da muka sami bayaninta sai muka tuna dattijon nan mai gadi, wanda shi ma ba mu taɓa tambayar sunansa ba, ba mu kuma san inda guguwar nan ta jefa shi ba.

'Yan'uwa marubuta, musamman masu tasowa, ba muna cewa sai Bature ya zo ne kafin abinmu ya yi daraja. Waƙar Anar ta yi daraja a kunnenmu tun ba ta da suna, kuma wayoyin talakawa ne suka ɗauke ta suka kai ta inda baƙon ya tsince ta. Aikin da baƙon ya yi kuwa ba ya bukatar jirgin sama: ya tambayi wa ya yi, a ina, yaushe, ya rubuta. Wannan aikin mai biro ne, kuma mu ne masu biro a garuruwanmu. Mu da kanmu muna kuka idan muka ga labaranmu suna yawo a WhatsApp an yanke sunanmu daga kai, amma shekara tara muna yi wa wani haka ba mu ji komai ba.

Mu dai abin da ya rage mana muka fara. Mun sayi babban littafi mai bangon kwali, muna bin tsofaffin Isa da Sabon Birni duk inda gudun hijira ya ajiye su, a Sakkwato ko Maraɗi ko Tsibiri, muna kunna musu waƙa muna rubuta abin da suka tuna, da sunan wanda ya faɗa da ranar da ya faɗa. Wasu shafukan layi biyu ne kawai, wasu kuma maganar wannan ta saɓa wa ta wancan, mun rubuta duka biyun. Duk ɗan ƙungiyar da ke da tsohon kaset a gida, ko tsohon da ya san labarin wata waƙa, muna roƙonsa kada ya jira bayan damina.

Ɗaya daga cikinmu har yanzu yana da katin memorinsa na wancan zamani, ya naɗe shi a takarda cikin aljihun jakarsa. Kwanan baya muka sa shi a waya, ga ta nan a inda muka bar ta, Buzu 7. Muka yi shawarar goge wannan suna, daga baya muka fasa, sai muka ƙara a gabansa: Anar, Mdou Moctar, Sakkwato, 2008. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mai da kowa gidansa.